Kuɗin da Na Cusa Mata a Aljihu

Surukina ya sani, ya yi kwana goma sha ɗaya bai gaya mini ba. Da wannan na riƙe shi, kuma har yau ban sake shi ba. Ya ba ni haƙuri, ɗiyata ta ba ni a madadinsa, matar fasto ma ta sa baki. Na ce na ji. Amma kwana goma sha ɗaya ba wasa ba ne ga macen da aka kora daga aiki a ƙasar da ba tata ba. Ni ce sanadin korar, wannan ban taɓa musu ba. Shi kuma kalma ɗaya aka nema a bakinsa, ya hana.

Jegon ɗiyata ne ya kai ni Kuala Lumpur. Mijinta yana karatun digiri na uku, shi ya sa nake ce masa Dakta tun bai gama ba. Suna zaune a hawa na tara a Taman Melati, ɗaki biyu da falo, taga tana kallon wata tagar. Ban yi sati biyu ba gidan ya ishe ni. Ni ba macen zama ba ce. Shekara ashirin da biyu na yi ina ɗaukar faranti a wani gidan abinci a Kakuri, can Kaduna, tun masaƙu suna busa jiniya har suka yi shiru. Sai da na kai arba'in da shida na shiga ajin yaƙi da jahilci, na koyi rubuta sunana. Ƙafar da ta saba da zirga-zirga tsakanin tebura ba ta iya kwana ta wuni a kan kafet.

To sai na fara goya jaririyar da hantsi in sauka. A tsallaken titi, kan hanyar tashar jirgi, akwai wani ɗan gidan abinci, irin wanda suke kira kedai. Shinkafa ce da miya kala-kala a jere cikin tire, ka nuna abin da kake so a zuba maka. Mai hidima ta kawo maka abin sha, ta dubi farantinka, ta rubuta a 'yar takarda ta ajiye a gefen kofi. In ka gama ka ɗauki takardar ka kai kanta, inda mai gidan yake zaune da tabarau a kan hanci, ka biya a can. Na ga haka tun ranar farko. Na ga cewa babu ma'aikacin da yake taɓa kuɗi. Ni da na yi wannan aiki rabin rayuwata, ya kamata in tambayi kaina dalili. Ban tambaya ba.

Matar da ke kula da teburan bakin ƙofa 'yar Indonusiya ce, ba za ta wuce arba'in ba. Gajera, mai kauri a damtse, tana ɗan jan ƙafar hagu idan rana ta yi. Na san wannan jan ƙafar, ni ma da shi na bar Kakuri. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu, Turancinmu mu biyu in an haɗa ba zai sayi gishiri ba. Amma kwana uku kawai ta gane ba na shan ƙanƙara, ba na son sukari a shayi, kuma barkononsu bai kai mini ba. Da ta hango ni a bakin titi sai ta juya fankar bango ta daina bugun teburin da nake zama, saboda jaririya. Tana ce mini Mak, wato uwa. Wata rana yarinyar ta ƙi yin shiru, matar ta miƙo hannu ta karɓe ta, ta yi ta jijjiga ta tana share tebur da ɗaya hannun har na cinye abincina da zafinsa. Rabon da wani ya yi mini haka har na manta. Ta nuna mini hoton 'ya'yanta biyu a waya, mata, cikin kayan makaranta, ta nuna sama da yatsa ta yi alamar jirgi, wato suna can gida.

Da yamma na tambayi ɗiyata, muna yanka albasa.

"Nawa ake bar wa masu kawo abinci a garin nan?"

"Ba a bari, Mama."

"Ba a bari, ko ba kwa bari?"

Dakta ya yi dariya daga falo. "Mama, ba al'adarsu ba ce. Manyan wurare sun riga sun sa kashi goma a cikin takardar kuɗi. Ƙanana kuwa babu ruwansu, ka ci ka biya ka tafi."

Na ce, "Rowa ce kuka sa wa suna al'ada."

"Allah Mama, haka ake yi lah."

"Kai da lah ɗin nan da ka kwaso a bakin mutanen garin nan. Ka taɓa tsayuwa awa goma da faranti a hannu?"

Nan maganar ta tsaya. Sun gaya mini ba a yi. Ba su gaya mini abin da ke faruwa in an yi ba, wataƙila a lokacin su ma ba su sani ba.

Dole in faɗi yadda muke yi a Kakuri, don a gane ba hauka na yi ba. A wurinmu in madam mai gidan abincin ta ga an ba ki tukwici, nata ne. Za ta ce a tara a raba ƙarshen wata, kuma ƙarshen watan ba ya zuwa. Saboda haka mai son ki da alheri ba ya ajiye miki a kan tebur. Zai dunƙule a tafinsa, ya jira madam ta juya, ya sa miki a hannu kamar gaisawa kuke. Ke kuma ba za ki karɓa nan take ba, sai a ce ke mayunwaciya ce. Za ki ce, "A'a Baba, bar shi." Ya ƙara turowa, ki ƙara cewa a'a. A na uku ki rufe hannu. Akwai wani tsohon direban tanka da ya yi mini haka duk Asabar shekara da shekaru, da kuɗinsa na sayi takalmin makarantar wannan ɗiyar tawa da ke ce mini ba a bari. A wurina ɓoyewa ita ce mutunci. Mai bayarwa a fili, kansa yake yi wa.

Washegari na naɗe takardar ringgit biyar, kuɗin ƙasar, na jira mai tabarau ya sunkuya, na kama hannunta na sa mata. Ta janye kamar na ɗora mata garwashi.

"Tak boleh, Mak. Tak boleh."

Na san boleh, yaran unguwa suna faɗinsa kullum, ana iya ke nan. Na gane tana cewa ba a yi. Na ce a raina, yarinya mai tarbiyya, ta yi a'a ta farko. Na ƙara turawa. Ta girgiza kai, ta ɗaga ido ta dubi sama, can kusurwar rufi. Na ɗauka Allah take kallo. Wallahi haka na ɗauka, har na ji daɗi, na ce ga mai godiya. Na zura kuɗin cikin aljihun gaban rigar aikinta, na ɗauki takardata na je kanta na biya, na fita ina jin kaina wata babbar mace.

Kwana biyu bayan haka na dawo gida, ɗiyata tana kwance mini goyo, sai ga ringgit biyar ta faɗo daga cikin zanen. Ta dawo mini da ita ke nan, ta soke a bayana lokacin da take wasa da jaririya. Dakta yana tsaye, shi ya tsince ta a ƙasa.

"Mama, kin fara ajiya a bayan jikarki?"

Na ba su labari ina dariya. Na ce, "Kun ga kunya irin ta mutanen da? Har gida ta biyo ni da shi." Ɗiyata ta ce in ta ƙi a bar ta mana. Na ce ke ba ki san komai ba, an haife ki an kai ki makaranta. Da na koma na ninka, na sa goma.

Sau bakwai ko takwas na yi mata haka. Kowane karo sai ta ce tak boleh, kowane karo sai ta dubi kusurwar nan. Daga baya ta fara tsayawa nesa da ni in na kusa gamawa, ni kuwa sai in bi ta har wajen wankin kofi. Ranar ƙarshe na riƙe mata wuyan hannu da ƙarfi, ƙarfin mai ɗaukar tukunya, na cusa mata. Ta tsaya kawai, hannayenta a sake, tana kallona. Ba fushi a fuskar, ba godiya. Irin kallon da mutum ke yi wa ruwan sama in ya riga ya jiƙe.

A daren gwiwata ta kumbura, likita ya ce in zauna wuri ɗaya. Dakta ne ya koma yi mana tapau, wato ya sayo a ƙunshe ya kawo gida. Kullum in ce, "Ka gai da ƙawata." Ya ce, "Za ta ji." Wata rana na ce shayin nan da sukari, ba ita ta haɗa ba. Ya ce wataƙila tana hutu.

Ranar Lahadi ta biyu muka kai jaririya coci a Cheras aka yi mata addu'a. Bayan an tashi Dakta ya gayyaci mutane kamar goma cin abinci a wani babban wuri kusa da tafkin Titiwangsa, mai sanyin na'ura da ma'aikata cikin baƙar riga. Aka ci aka sha. Da aka kawo takardar kuɗi cikin 'yar jakar fata, sai gardama ta tashi, irin ta mutanen da suka ƙoshi.

Wani dattijo ɗan Kafanchan, malamin lissafi, ya karɓa ya duba. "Sun riga sun yanki nasu, ga shi nan, kuɗin hidima. Ko sisi kar ka ƙara."

Wata 'yar Jos mai karatun jinya ta ce, "Baba, wannan kuɗin kana tsammani yana isa hannun yaran nan? Mai wuri ne ke haɗiyewa."

"To in ya haɗiye ni na aike shi?"

"Ka bar musu canjin mana. Kai ko a baiko sai ka nemi canji."

Aka kwashe da dariya. Ya ce shi da ya je Amurka taro, bai bar tukwici ba, saura kaɗan yarinya ta bi shi har mota. Wani ya ce ai da ta bi shi da wahalar banza ta sha, ba za ta samu komai ba. Ni ina ta murmushi, ina jiran a zo kaina in koya musu yadda ake yi.

Sai 'yar Jos ɗin ta ce, "Amma fa a nan a bar shi cikin jakar, a fili. Kar a sa wa kowa a hannu. Ba haka aka kori ta kedai ɗin unguwarku ba? 'Yar Indonusiyar nan. An ce kyamara ta kama ta tana sa kuɗin masu cin abinci a aljihu."

Na dubi Dakta. Yana kallon ƙashin kifi a farantinsa kamar zai rubuta jarrabawa a kai.

Na ce, "Wace ce aka kora?"

Ɗiyata ta ce, "Mama, bari mu je gida."

"Ba da ke nake ba. Dakta, wace ce aka kora?"

Ya ce, "Mama, za mu yi magana."

Ban ɗaga murya a gaban baƙi ba, wannan na iya. Na so in wuce kedai ɗin kai tsaye, sai na tarar sun ja ƙofa, ran Lahadi da azahar suke tashi.

A falo ya faɗa mini, yana tsaye, ni ina zaune. Mai kedai ya taɓa samun ma'aikacin da ke karɓar kuɗi a tebur yana yaga takarda. Tun daga nan ya kafa doka, duk wanda aka ga kuɗi a aljihun rigar aikinsa ya tafi, ba tambaya. Ya sa kyamara a kusurwar rufi. Dokar tana rubuce a bango kusa da kanta. Na san allon. Tun da na koyi karatu ba na wuce rubutu ban karanta ba, kullum ina jiran canji sai in haɗa baƙaƙen allon nan a bakina ɗaya bayan ɗaya, ina jin daɗin kaina, ban san me nake karantawa ba.

Ranar da na riƙe mata hannu, mai gidan ya gani da idonsa. Ya koma kan kyamara ya ga sauran. Ta ce masa kyauta ce. Ya ce wa ke ba da kyauta a kedai, kuma in kyauta ce me ya sa ake jira sai ya sunkuya? Duk da haka bai kore ta ranar ba. Ya jira. Da Dakta ya zo sayen abinci washegari, ya ja shi gefe ya tambaye shi, tsohuwarku tana ba ma'aikaciyata kuɗi ne don kanta, ko wani ciniki suke yi a bayana?

"Ka ce me?"

"Na ce ban sani ba."

"Kai ka tsinci kuɗin a ƙasa. A nan, a kan kafet ɗin nan."

"Mama, ki gane. Mu baƙi ne. Kin san yadda ake kallon ɗan Najeriya a garin nan da an ambaci kuɗi. Na ga in na ce e, za a ce da mu aka haɗa baki. Takarduna suna hannun makaranta, saura wata biyar in gama. Na ɗauka faɗa zai yi mata kawai."

"Da ka ga ba faɗa ba ne fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kwana goma sha ɗaya ina ba ka gaisuwa kana cewa za ta ji. Ina kake kai gaisuwar?"

Ɗiyata ta fara kuka, ta ce ita ma sai jiya ta sani. Na ce ta yi mini shiru, ba ita aka kora ba.

Sauran labarin ya fi muni. Matar ba da kanta ta zo ƙasar ba, wani dillalin ma'aikata ne ya kawo ta, takardunta suna wurinsa. Mai kedai ya kira shi ya ce ya zo ya ɗauki kayansa, tana da dogon hannu. Wadda aka yi wa wannan shaida ba mai karɓarta a wani wuri. Abin da Dakta ya ji a bakin mai dafa abinci shi ne, in wata ya ƙare ba a samu inda za a sa ta ba, gida za a mayar da ita. Ranar nan sha tara ga wata.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, rana ba ta ma faɗi ba. Ba kuka na yi ba. Zama na yi ina ganin idon nan yana tashi zuwa kusurwar rufi. Har yau ina ganinsa. Ina tsakar gidana a Kaduna ina tsince shinkafa, sai ya zo mini. Mace tana nuna mini abin da zai kashe mata aiki, da iyakar yaren da muke da shi ni da ita, sau takwas, ni kuwa ina cewa ga mai tsoron Allah. Ta ce a'a da baki, ta ce da kai, ta dawo mini da kuɗin har cikin zanena. Me ya rage ta yi? Ta mare ni? Da ta mare ni ma da korar ta zo da wuri. Na sha zagin masu cin abincin da ba sa jin a'a, masu kama hannun yarinya don sun ga ba ta da ikon fizgewa. Ban taɓa sa kaina a layinsu ba. Ga shi na riƙe wuyan hannun mace na yi mata abin da na ga dama, don ni daɗin bayarwa nake ji. Ban ma san sunanta ba. Ita ta san ba na shan sukari.

Da gari ya waye na yi wanka, na ɗaura zanen da nake zuwa coci da shi, na ɗaure gwiwar da bandeji. Dakta ya fito da jakarsa a kafaɗa, wai yana da ganawa da malaminsa ƙarfe tara.

Na ce, "Ajiye jakar."

"Mama, in na dawo da yamma sai mu..."

"Ajiye. Bakinka ne ya ce bai sani ba, shi zai je ya ce ya sani. Bayan haka ka fassara nawa, kuma in ka rage kalma ɗaya zan gane a fuskar mutumin."

Ɗiyata ta karɓi jakar daga kafaɗarsa da kanta.

Mun tarar ana jera tire, ba a fara ciniki sosai ba. Wata sabuwa ce ke share teburan bakin ƙofa. Mai gidan ya ɗago ya gan mu, ya cire tabarau. Dakta ya yi magana da Turanci, muryarsa ƙasa ƙasa. Na ce ya ɗaga, masu dafa abinci ma su ji, tunda a gabansu aka kira ta ɓarauniya. Ya ɗaga. Sannan na faɗi nawa da Hausa, a hankali, yana juyawa. Na ce kuɗina ne, ni na bayar, ba ta taɓa roƙo ba. Na ce ya koma kan kyamararsa ya duba da kyau, zai ga hannun wa ke turawa, hannun wa ke janyewa. Na ce ɓoyewar tawa ce, daga garinmu na zo da ita.

Mutumin ya daɗe yana murza goshi. Ya ce wani abu gajere. Dakta ya ce, "Wai ya ji, ya gode, amma ya riga ya ɗauki wata."

Na ce, "Ban ce ya kori kowa ba. Ya kira dillalin nan ya janye abin da ya faɗa a kanta. Yanzu, ina ji."

"Wai zai kira an jima, yanzu ciniki zai fara."

Na jawo kujerar roba daga teburin kusa, na dasa ta a gaban kanta, daidai inda masu biya suke tsayawa. Na zauna, na miƙe ƙafar mai ciwo, na ɗora jakata a cinya.

Na ce, "Gaya masa ba na sauri."